Lambar da Ba ta Taɓa Zuwa Ƙirjin Ɗan Nijeriya Ba

A garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi, da yawa daga cikinmu sun tashi sun tarar da wani dattijo da ake kira "Ɗan Burma". Yakan ajiye 'yan ƙarafan da aka maƙala masa a ƙasan adaka, sai ranar buki yake fito da su. Akasarinsu lambobin halartar yaƙi ne, waɗanda ake bai wa duk wanda ya je fagen daga. Lambar jarumta daban take, kuma mafi girmanta a daular Ingila ita ce Victoria Cross.

Sarauniya Victoria ce ta ƙirƙiro ta a watan Janairun 1856, a ƙarshen Yaƙin Kirimiya. Daga wannan shekara zuwa yau an bayar da ita sau 1,358 kacal, alhali miliyoyin sojoji sun yi wa Ingila yaƙi. Mutum uku ne kawai suka same ta sau biyu. Dalilin ƙarancinta sharaɗinta ne: dole a nuna bajinta ta fitar hankali a gaban abokan gaba, shaidu su tabbatar, sannan a bi matakan shugabanni har zuwa fadar sarauta. Da yawa daga masu ita sai bayan mutuwarsu aka ba su.

An taɓa cin wannan lamba a ƙasar Hausa. A watan Fabrairun 1903, bayan Turawa sun ci Kano, rundunar Kanawa da ke komowa daga Sakkwato ta yi karo da wata tawagar sojan dawaki ta Turawa a Kwatarkwashi. Bayanin gwamnatin Ingila ya ce Laftanar Wallace Wright da mutum 44 sun tsaya wa mahaya kimanin 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon sa'o'i biyu. Wright ya samu Victoria Cross. Sojojin da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, baƙaƙen fata ne 'yan wannan ƙasa, kuma babu wanda ya samu irinta a cikinsu. A ɗaya ɓangaren kuwa, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a wurin, Kanawa suka raɗa masa "Mai Shahada". Rana ɗaya, jarumai biyu, kowanne da irin karramawar da mutanensa suka sani.

Sojojin Indiya sun samu damar cin Victoria Cross a 1911. 'Yan Afirka ta Yamma kuwa, abin da aka fi ba su shi ne lambobin DCM da MM, waɗanda ke ƙasa da ita. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da runduna ta 81 da ta 82 suka ratsa dazuzzukan Burma, har Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je duba su, babu ɗan Nijeriya ko ɗaya da aka maƙala wa babbar lambar. Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin soja na Lokoja sunansa, lambar MM ya samu.

Ke nan ƙarancin lamba ba ƙarancin jarumai yake nunawa ba. Yana nuna wanda ke riƙe da alƙalamin rubuta rahoto, da wanda ake karɓar shaidarsa.

Wannan darasi bai tsufa ba. A yau sojoji da 'yan sanda da 'yan sa-kai, da dakarun tsaron al'umma da gwamnatin Katsina ta kafa a 2023, suna rasa rayukansu a dazuzzukan Kurfi da Safana da Batsari. Kowace ranar 15 ga Janairu akan ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, amma sunayen waɗannan matasa da abin da kowannensu ya yi ba kasafai ake rubutawa ba. Kakanninmu suna da uzuri, domin alƙalamin ba a hannunsu yake ba. Mu kuwa a hannunmu yake.