Gunkin Zubi da Garmar Tama

Dillalan kayan tarihi sukan zaga ƙauyukan ƙasar Funtua da Malumfashi suna cigiyar tsofaffin kayan ƙarfe, wani lokaci kuma su ne ke fito da ɗan gunki na baƙin ƙarfe su ce a kufan Maguzawa aka tono shi. Ni da na tashi a wannan yanki, abin da nake so in nuna shi ne tarihin ƙira a ƙasar Hausa ya isa ya raba gardama kan irin waɗannan gumaka, tun kafin a kai su gaban masana.

Ƙarfe ba baƙo ba ne a wajenmu. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, Bernard Fagg ya tono murahun narka tama a shekarun 1960, waɗanda suka haura shekara 2,000. An gano alamun irin wannan aiki a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin kafuwar Kano ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya zo Dala neman tama. A Samaru ta Zariya, maƙwabciyarmu ta kudu, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello sun tarar da tarin kashin tama a shekarun 1970.

Sai dai yadda ake aikin shi ne abin lura. Zallan ƙarfe ba ya zama ruwa sai zafi ya kai digiri 1,538, murhun gargajiya kuwa a wajen 1,200 yake tsayawa. Saboda haka abin da ke narkewa ya tsiyaye shi ne dattin dutsen, ƙarfen kuma ya taru ya zama curi mai ramuka. Wannan curi maƙerin baƙi zai sa a wuta, yaro na zuga, ya ɗauko da awartaki ya aza bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba har ya miƙe ya zama garma ko lauje ko gatari. Kakanninmu dukan ƙarfe suka gada, ba su zuba shi a mazubi ba. Zubi aikin maƙeran fari ne, masu azurfa da tagulla, kuma shahararrun siffofin Ife da Benin da Igbo-Ukwu da aka yi ta hanyar zubi, na tagulla ne da danginta.

Ƙarfen zubi wani abu ne daban. Yana ɗauke da sinadarin kabon, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, wanda ke sa shi narkewa a wajen digiri 1,200, amma ya bar shi da gautsi. Mutanen Sin sun iya shi tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Ingila, Abraham Darby ya sami lasisin zuba tukwane cikin rairayi a 1707, daga nan kayan zubi suka yi araha suka bazu duniya. Mu kuwa da jirgin ƙasa suka yawaita a hannunmu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Tare da shi da cinikin audugar kamfanin BCGA aka saba da duwatsun sikeli, da dutsen guga na gawayi, da ƙafafun keken ɗinki. Tarkacen dogo da na mota suka wadata, maƙera suka ga sun fi sauƙin samu, aikin narka tama ya yi ta ja da baya har ya mutu.

Da wannan nake auna duk gunkin da aka nuna mini. Wata rana a wata kasuwar ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, wani dillali ya kwance tsumma ya miƙo mini siffar mahayin doki, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, ya ce: "Malam, wannan ya girmi jihadin Shehu." Na juya shi, sai ga siririn layi ya bi ta gadon bayan dokin ya zagayo ta cikinsa, wato inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Na ce masa: "Alhaji, wanda ya yi wannan bai taɓa riƙe masaba dominsa ba." Abin da ke da wannan layi zubi ne, kuma zubin baƙin ƙarfe ba ya cikin ayyukan maƙeranmu na wancan zamani.

Ko a cikin kayan zubin ma akwai tsoho, akwai kwaikwayo. Tsoffin masana'antu da lallausan rairayi suke yin mazubi, shi ya sa jikin kayansu ke da santsi, zanen ya fito raɗau, an kuma goge bakin haɗin da magagari. Mai kwaikwayo kuwa tsohon yake dannawa cikin rairayi ya sami siffa. Da yake ƙarfe na tsukewa da kusan kashi 1 cikin ɗari idan ya huce, nasa yakan fito ɗan ƙarami, fuskar ta dushe, jikin ya yi kaushi, ga sawun injin gurza a gefe. Kusa mai kan gicciye ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1930. Tsatsa ma tana magana: ta shekaru baƙi-baƙi ce, ta kama jiki, wadda aka jawo da gishiri da binnewa a damina ɗaya kuwa ja ce, tana bin tafin hannu. In mayen ƙarfe ya ƙi kama abu, to alminiyam ne ko tagulla aka shafa wa baƙi.

Ƙarfen tama shi ma yana da shaidarsa. Idan tsatsa ta ci shi, zare-zare yake fitowa kamar jikin itace, saboda ragowar kashin tama da duka ya miƙar a cikinsa. Ana ganin sawun masaba, da wuraren da aka liƙa gutsure da gutsure. Yana lanƙwasa kafin ya karye, na zubi kuwa ɓallewa yake yi farat ɗaya, bakin karayar toka-toka mai tsaki-tsaki.

Ba ina cewa ƙasar Katsina ba ta da tsofaffin siffofi ba ne. Tana da su, amma na gasasshen yumɓu ne, kuma an kwashe su da yawa zuwa Turai ta ɓarauniyar hanya, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta sa su tare da na Nok da Sakkwato cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikinsu da fitar da su ba tare da izini ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da ba wanda ke cigiyarsu. Tsohuwar garma da magirbi da kan mashi na tama suna nan a gindin rumbu da kufai, kuma ba za a ƙara yin irinsu ba, tun da masu narka tamar sun ƙare. 'Yan jari-bola na bi gida-gida da sikeli suna saye a kan kilo, farashi ɗaya da ruɓaɓɓen kwano, a loda a mota a kai kamfanonin narka ƙarfe su koma rodin gini.