Sauya tayar tsohuwar mota a zafin Adar: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Jama'a masu saurare, da ƴan uwa da ke ci-rani Abijan, Libiya ko Najeriya kuna aiko da kuɗin gyaran motar gida, ga bayani kan taya. Mun tara shi ne saboda watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa, kwalta ta yi jau, taya kuma ta riƙa fashewa da mutane cike da mota.

Mu fara da shekarun taya, don nan ne aka fi cutar mai saye. Kowace taya tana da ranar haihuwarta a jikinta. A nemi inda aka rubuta DOT a gefe, a bi rubutun har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. In lambobi uku kaɗai ka gani, to kafin shekarar 2000 aka yi ta, ka bar wa mai ita abinsa ko da kyauta ce. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta kai shekara 5 a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko zanenta bai cinye ba. A nan rana tana dafa roba, ta bushe, ta tsattsage tun ba ta kai can ba. Har sabuwar da ba a taɓa ɗaurawa ba, in ta shekara a ƙofar shago cikin rana, ta tsufa.

Mun sani mafi yawanmu tayar hannu muke saye, wadda aka cire daga motocin Turai, don aljihu ba ya ɗaukar sabuwa. Ba mu ce haramun ba ce. Amma akwai tarko guda: da yawa cikinsu tayoyin lokacin ƙanƙara ne. Za ka gane su da ɗan zanen dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a ciki, ga kuma ƙananan tsage-tsage birjik a kan zanen. A ido sun fi kyau, zanensu da zurfi, shi ya sa suke saurin shiga hannu. Robarsu taushi gare ta, don sanyi aka yi ta. A kan hanyar Tawa zuwa Abalak da tsakar rana, cinyewa take kamar sabulu, birki ma ba ya kamawa yadda ya dace.

Sai girma. Rubutu irin 185/65 R15 88H ba ado ba ne. 185 faɗin taya ne da milimita, 15 girman ƙarfen da za ta hau, 88 kuma nauyin da take iya ɗauka, wato kilo 560. Abin da kamfanin motar ya ce yana kan ɗan allo a bakin ƙofar direba ko cikin murfin tankin mai, in bai goge ba. Masu Hiace da ƴan akori-kura da ke cin kasuwannin ƙauye, ku nemi mai harafin C bayan lambar, kamar 195 R15C. Ita aka yi wa kaya. Ɗaura wa motar da ke ɗauko buhunan albasa da mutane a sama tayar ƙaramar mota, wallahi neman rai ne. Wasu tayoyin kuma an rubuta musu jurewar zafi da A, B ko C; A ta fi.

Hanya ma tana da nata. Wanda ke bin Keita ko Buza, duwatsu ke yanka masa gefen taya, don haka mai kaurin gefe ta fi masa. Wanda ke nufar Cintabaradan ko Tiliya yakan rage iska don rairayi, daidai ne, amma da ya hau ƙasa mai tauri ko kwalta sai ya mayar. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take tana ɗaukar zafi har ta fashe. Nan ne direbobi da dama ke kuskure: su ga zafi ya yi yawa su sace iska a hanya wai kar ta fashe. A'a. Iska takan ɗan ƙaru in taya ta yi zafi, kuma an yi ta da sanin haka. Da safe ake auna iska, kafin a tashi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba.

Kafin ka biya, sa mai faci ya cire ta ka leƙa ciki. In ka ga ƙulli ya kumburo a gefe, ko faci a gefen, ko waya ta leƙo, bar ta. Ka kula da wadda aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi don ta yi kamar sabuwa. Bakin zanen ba ya yin daidai. Cikin ramin zanen akwai ƴan tudu masu tsawon milimita 1,6; in zane ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki.

In kuɗin guda biyu kaɗai ke akwai, a sayi iri ɗaya, girma ɗaya, a ɗaura su baya, don in ta baya ta zame ko ta fashe da gudu, motar juyawa take, direba ba ya iya riƙe ta. Ƴan uwa na waje kuwa, ku ce a ɗauko muku hoton lambobin DOT na kowace taya ta WhatsApp kafin ku turo kuɗi, har da ta ajiya da ke kwance bayan mota, wadda sau da yawa ita ce ta girme su duka.