Huɗu Cikin Biyar: Tarihin Ladan Mata a Ɗakin Karatu

A Gedambaliya aka haife ni, kusa da garin Gadarif a gabashin Sudan. A nan Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta a wajajen 1945, kuma iyayenmu Hausawa, waɗanda hanyar hajji ta ajiye a wannan ƙasa, suna cikin masu yankan dawa da riɗi. A gona lissafi a fili yake: abin da hannunka ya yanka, shi za a biya ka. Da na gama karatu na sami aiki a laburaren wata jami'a nesa da gida, sai na tarar lissafin ofis daban ne.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin. Mu mata ne muke rajistar littattafai, mu ba su lamba, mu jera su a kanta, mu zauna da ɗalibai har la'asar. Sau uku kujerar shugaba tana zama babu kowa, sau uku ana kawo namiji. Na ƙarshensu ma ni na koya masa yadda ake karanta lambar littafi. Da na nemi a tura ni kwas, sai ya yi murmushi ya ce, "Ustaza, wa zai riƙe miki yara?" Shi kuwa 'ya'yansa shida, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya.

Ranar na kai kukana wurin wata dattijuwa da muke aiki tare, wadda ta fara da koyarwa tun tana budurwa. Ta ce, "'Yata, zauna in gaya miki inda aka fito." Daga bakinta na fara jin tarihin, sannan na bi shi a littattafan da nake jerawa kullum ban buɗe ba.

A 1907 Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a, daga nan mata suka fara shiga aikin gwamnati a hankali, yawanci koyarwa da jinya. Amma an gindaya musu sharuɗɗa biyu. Na farko, albashin mace huɗu cikin biyar ne na namijin da suke aiki ɗaya. Na biyu shi ne abin da ake kira mushahara: da zarar ta yi aure, sai a cire ta daga ma'aikatan dindindin, a mayar da ita kwantiragin wata-wata, ba fansho, ba tabbacin gobe. Ƙungiyar Matan Sudan, wadda aka kafa a 1952, ita ta ɗauki wannan yaƙi. Bayan juyin Oktoba na 1964 mata suka sami cikakken 'yancin zaɓe, a 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko a majalisa, a 1968 aka amince da albashi ɗaya ga aiki ɗaya, mushahara ma ta bi baya.

To, tunda doka ta daidaita albashi, me ya hana mu gaba? Amsar na same ta a tarihin sana'ar kanta. Tsarin lambobin da muke jera littattafai da shi, Melvil Dewey ɗan Amurka ne ya fito da shi a 1876. A 1887 ya buɗe makarantar koyon aikin laburare a Kolombiya ta New York, cikin ɗalibai 20 na farko 17 mata ne. Masu ɗakunan karatu sun yi maraba da su, domin ga ilimi ga arha. Tun daga nan aikin ya zama na mata, shugabanci ya zauna a hannun maza. Babban laburaren majalisar Amurka an kafa shi a 1800, amma sai 2016 mace, Carla Hayden, ta shugabance shi. Shi kansa Dewey mata sun kai ƙararsa kan cin zarafi tun yana raye, kuma sai 2019 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ta cire sunansa daga lambar yabonta.

Wannan gado muka karɓa tare da kantoci da katunan rajista. Wariyar ta tashi daga takardar albashi ta koma inda doka ba ta leƙawa: wa za a tura kwas, wa za a sa a kwamiti, wa za a ba hutun ƙaro karatu. Wanda ya je kwas shi ke da takardar da ake nema ranar ƙarin girma. A ƙarshe kowa matakinsa ake biyansa, amma mata a matakan ƙasa suke tsufa. Huɗu cikin biyar ɗin nan ya dawo ta ƙofar baya.

Kada mai karatu ya ce baƙon tunani na ɗauko. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru, jajinta suna kai ilimi ƙauyuka. A Najeriya kuma, mace ta farko da ta zama farfesa, Adetowun Ogunsheye ta Jami'ar Ibadan a 1973, fanninta aikin laburare ne. Iyawa ba ta taɓa yin ƙaranci ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, jami'o'in Khartum sun watse, an ƙone wasu ɗakunan karatu, an kwashe wasu, 'yan gudun hijira sun cika Gadarif. In Allah ya kawo zaman lafiya, za a nemi waɗanda suka san abin da ke kan kowace kanta domin a sake ginawa, kuma mafi yawansu mata ne. Roƙona ga masu naɗi shi ne su yi lissafin Gedambaliya: a dubi abin da hannu ya yanka. Ga 'yan'uwana mata kuwa, dokar 1968 ba ta sauko daga sama ba, haɗa kai aka yi aka nema. Ranar da aka fitar da sunayen masu zuwa kwas, mu je tare mu tambayi ma'aunin da aka bi, a rubuce.