Masu Yankan Faifai: Hannun Ƙarshe Tsakanin Mawaƙi da Kunnenmu

Har gobe idan wani ya turo mana bidiyo a waya mukan ce ya turo "faifan bidiyo", alhali babu wani faifai a ciki. Kalmar gado ce. Asalinta faifan da mata ke saƙawa ana rufe ƙwarya da shi. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, kakanninmu suka ga wani baƙin abu mai faɗi, zagayayye, suka ara masa sunan. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1960 da 1970 sun san yadda ake zare shi daga kwali, a hure ƙura, a ɗora allura a hankali. Sun san sunan mawaƙin, sun san tambarin kamfanin. Wanda yawancinmu ba mu taɓa tambayar sunansa ba shi ne mutumin da ya tsaya gaban inji ya tsaga wannan siririn layin da allura ke bi. Duk abin da muka ji daga faifai, sai da ya ratsa ta kunnensa da hannunsa.

Tsaga ɗaya, rabin kilomita

Kowane gefe na faifai tsaga ɗaya ce tak, ta taso daga baki tana kewayawa har tsakiya. Da za a miƙe ta a babban faifai mai inci 12, za ta kusan kai rabin kilomita, faɗinta kuwa bai wuce na silin gashi ba. Sautin yana cikin karkacewar da tsagar ke yi. Allura na bi tana girgiza, a mayar da girgizar lantarki, lasifika ta mayar da ita sauti.

Ana fara wannan tsaga ne a kan ɗanyen faifai, wato farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai taushi. A ɗora shi kan injin yanka, a sauke masa allurar yaƙutu wadda ake ɗumamawa da lantarki don ta ratsa fentin sumul. Zaren da take fitarwa wani bututu ne ke zuƙe shi nan take, domin yana kama wuta da sauri. Da zarar allura ta sauka, ba tsayawa sai ƙarshen gefen. In aka yi kuskure a minti na goma sha takwas, sai dai a jefar da farantin a ɗauko sabo. Wanda za a kai masana'anta kuma ba a kunna shi a saurara, don allurar sauraro za ta ɓata shi. Da madubin ƙara girma mai yanka ke duba aikinsa. Daga nan a fesa wa farantin azurfa, a tsoma shi a ruwan sinadari ƙarfen nikel ya hau kansa, a ɓamɓaro ƙarfen. Ma'aikatan suna kiran na farko uba, daga shi a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da ke danna roba mai zafi ya haifar da dubban faya-fayai. Duk aibin da ke jikin ɗanyen faifai, kowane kwafi zai gaje shi.

Gwanintar tana wajen rabon fili. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, yana sa tsaga ta yi lilo mai faɗi, ƙara ma haka. Idan aka ba su yadda suke so, fili zai ƙare kafin waƙa ta ƙare, ko tsaga ta faɗa cikin maƙwabciyarta. Idan aka matse su, waƙa ta fito a shaƙe. Sauti mai kaifi kuma, kamar harafin "s" a bakin mawaƙi, yana iya fitowa da tsatsa, har ya ƙona kan injin. Ga wata matsalar: a bakin faifai tsaga na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20 ne kacal. Saboda haka sauti ya fi tsabta a farkon gefe. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yawan sa waƙa mai ƙarfi a farko, mai sanyi a ƙarshe. Mun daɗe muna ɗauka zaɓin mawaƙi ne kawai, ashe da hannun mai yanka a ciki.

Daga kaki zuwa tef

Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877, amma tasa a jikin wani abu mai kama da gwangwani take rubutawa. Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, shi ya kawo faifai mai faɗi a 1887. A shekarun farko mai ɗauka shi ne mai yanka. Mawaƙi ya tsaya gaban wani babban mazurari ya rera, ƙarfin muryarsa kaɗai ke motsa allurar da ke tsaga kaki. Idan zai ɗaga murya sai a ja shi baya, in zai sassauta a turo shi gaba. Da irin wannan kayan Fred Gaisberg ya ɗauki muryar Enrico Caruso a birnin Milan na Italiya a 1902, kuma waɗannan faya-fayan sun taimaka wajen sa masu hali su yarda garmaho ya wuce abin wasan yara.

A 1925 makirufo da lantarki suka maye gurbin mazurari. Jim kaɗan bayan haka, tsakanin 1927 da 1930, kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa. Faya-fayan wancan zamani na wani irin ƙaro ne mai saurin fashewa, suna juyawa sau 78 a minti, gefe ɗaya kuma minti uku ne da 'yan kai. Tsawon waƙar rediyo da muka saba da shi har yau yana da alaƙa da wannan iyaka.

A 1931 wani matashin injiniya na kamfanin EMI a Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar dabarar zuba sauti biyu, na hagu da na dama, a bango biyu na tsaga ɗaya. Ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1942 yana gwajin na'urar hango jirage a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bai ga amfanin dabarar tasa ba, don sai a 1958 faya-fayan sitiriyo suka bazu a kasuwa. Kafin nan, a 1948, kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, mai ɗaukar sama da minti ashirin a gefe. RCA Victor ya biyo baya a 1949 da ƙarami mai juyawa sau 45. A 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni guda: a rage kauri a ƙara kaifi lokacin yanka, na'urar sauraro ta juya lissafin a gida.

Abin da ya haifi sana'ar a matsayinta na daban shi ne tef. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka koma ɗaukar waƙa a tef, a gyara, a haɗa, sannan a miƙa wa wani mutum dabam ya sauke ta kan faifai. Da farko aikin ƙananan ma'aikata ne, umurnin da ake ba su shi ne kada su taɓa komai, kada kuma allura ta yi tsalle. A situdiyon Abbey Road na Landan ɗakin yanka wani mataki ne da matasa ke bi kafin a ba su ɗaukar sauti. Geoff Emerick ya bi ta nan kafin ya zama injiniyan The Beatles a 1966. A shekarar ne ma, bayan mawaƙan sun yi ta ƙorafin cewa faya-fayan Amurka sun fi nasu kauri, aka yanka waƙarsu "Paperback Writer" da kaurin da kamfanin a da yake gudu.

Sunaye a gefen tambari

Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiyar faifai akwai wani fili fayau. A nan ake rubuta lambar aiki, a nan kuma masu yanka suka fara barin alamarsu. Rudy Van Gelder, likitan gwajin ido ne da ya fara ɗaukar kiɗan jaz a falon iyayensa a garin Hackensack na jihar New Jersey, kuma shi da kansa yake yanka abin da ya ɗauka wa kamfanin Blue Note. Haruffan RVG a wannan fili sun zama abin da masu tara faifai ke nema. A Ingila George Peckham yakan sa laƙabinsa "Porky", wani lokacin har da 'yar barkwanci. A 1967 Doug Sax ya buɗe The Mastering Lab a Hollywood, ɗaya daga cikin wuraren farko masu zaman kansu da ba su da wani aiki sai wannan. Daga nan mawaƙa suka fara zaɓen mai yanka kamar yadda ake zaɓen tela. Kundin "Thriller" na Michael Jackson, na 1982, ta hannun Bernie Grundman ya bi.

Labarin da ya fi nuna nauyin da ke kan mai yanka shi ne na kundin Led Zeppelin na biyu a 1969. Robert Ludwig ya yanka shi da ƙara da kauri sosai. A na'ura mai kyau abin ya yi daɗi, amma a kan masu araha allura ta riƙa tsalle. Kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa da sassauci. Yau waɗancan na farko, masu haruffan RL, sun fi na baya tsada nesa ba kusa ba. Tef ɗaya ne, waƙoƙi ɗaya, hannu ne kawai ya bambanta. Kuma duka ɓangarorin suna da hujja, domin mai yanka yana yi wa attajiri mai babbar na'ura aiki, yana kuma yi wa yaron da ya tara kuɗin tara ya sayi ƙarama.

A Jamaika sana'ar ta ɗauki wata hanya. Masu manyan lasifiku da ke gasar kiɗa a titunan Kingston sukan sa a yanka musu kwafi guda na waƙa, wanda ba wanda ke da irinsa. King Tubby, mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse, yana da injin yanka a gidansa, kuma daga cire murya da ƙara kauri a irin waɗannan faya-fayan ne salon kiɗan dub ya girma.

Abin da ya rage

Faifan CD ya shigo kasuwa a 1982, a wajenmu kuma kaset ya riga ya ture garmaho. Masana'antu suka rufe. Kamfanin Neumann na Jamus, wanda injinansa irin su VMS 70 da VMS 80 suka zama abin kwatance, ya daina ƙera su kafin ƙarshen shekarun 1980. Sai ga shi faifai ya dawo. A 2022 an sayar da faya-fayan roba kusan miliyan 41 a Amurka, CD kuwa miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce gaba. Amma mafi yawan wannan aiki a kan injinan da suka haura shekara arba'in ake yanka shi, masu iya gyara su kuma 'yan ƙalilan ne, yawancinsu dattawa. A watan Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a garin Banning na Kalifoniya, wadda ke samar da mafi yawan ɗanyen faifan duniya. Aka wayi gari kowa ya dogara da ƙaramin kamfani guda, MDC na Japan.

Mu da muka san ƙira da jima da rini mun san yadda irin wannan ilimi yake. Ana iya rubuta ma'auni a littafi, amma sanin zafin da ya dace da allura a ranar sanyi, ko gane daga ƙarar zaren da ake zuƙewa cewa allura ta dakushe, sai an zauna kusa da maigida shekara da shekaru. Idan maigida ya tafi bai bar yaro ba, injin kaɗai zai rage.

Abin ya shafe mu ta wata fuskar ma. A lokacin da EMI da Decca da Philips ke da rassa a Legas, an buga faya-fayan mawaƙan Nijeriya masu yawa, har da na Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Tef ɗin asali na waƙoƙin Afirka ta Yamma da dama ya ɓace ko ya lalace, shi ya sa masu sake fitar da su a yau sukan nemi tsohon faifai mai lafiya su kwafa daga gare shi. Ma'ana, yawan kaurin kalangu da kaifin kuntigi da wani ma'aikaci ya zaɓa a wata rana, shi ne abin da jikokinmu za su sani a matsayin sautin waɗannan mawaƙa.

Don haka wanda ke da tsofaffin faya-fayai a akwatin mahaifinsa ya fito da su daga ɗaki mai zafi, ya jera su a tsaye, kada ya jibga wani kan wani, kada kuma ya goge su da tsumma mai kaushi. Kafin ya mayar da kowanne cikin kwalinsa, ya karkata shi wajen haske ya duba filin da ke gefen tambari. Zai ga lambobi, wataƙila da wasu haruffa da aka rubuta da hannu. Ya rubuta su tare da sunan waƙar da na kamfanin, ya adana, domin da irin waɗannan lambobi ne masu bincike ke gano inda aka yanka faifai da wanda ya yanka shi.