Mandiƙi da Hukunci: Daga Al-Maghili zuwa Kwamfuta

A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Al-Maghili ya zauna a Kano da Katsina. Shi ne ya kare ilmin mandiƙi sa'ad da Suyuɗi na Masar ya haramta shi. Fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Katsina ya kasa hukunci gida biyar: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. A 1951 von Wright, masani ɗan Finlan, ya tsara mandiƙin hukunci wanda bai tanadi gurbin mustahabbi da makaruhi ba, kuma a kansa wasu masana kwamfuta suka ɗora gini. Na'urar da aka gina haka ba za ta bambance abin da ya halatta da abin da ya kyautu ba. Wannan giɓi ya cancanci nazari a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.