Ina Allah Yake a Ranar Wahala? Darasi Daga Tarihin Kuru

Karatu: Farawa 45:1-8, Luka 13:1-5, Irmiya 38:7-13

Duk sa'ad da wahala ta auko, tambaya ɗaya ce take tashi a gidajenmu: ina Allah yake? Akwai kuma waɗanda ba sa tsayawa tambaya. Tun ba a binne gawa ba sun riga sun gaya mana abin da Allah yake nufi. Yau za mu ɗauki tarihin gari ɗaya, wato Kuru, mu ga ko aikin Allah abu ne da ake ganewa da sauri haka.

Kuru yana kudu da Bukuru, a ƙasar Berom, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. Manya sun san shi saboda makarantar horar da shugabanni, NIPSS, wadda aka kafa a 1979. Matafiya na dā sun san shi saboda tashar jirgin ƙasa, gama daga nan layin dogo ya rabu, ya kai Maiduguri a 1964. Amma abin da ya fara juya rayuwar wannan ƙasa shi ne kuza.

A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka hau Filato neman kuza. Suka tone gonaki, suka bar ramuka da tarin ƙasa. Har yau kududdufan nan suna cin yara da dabbobi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara muni. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila take samun kuza mai yawa, sai gwamnatin mulkin mallaka ta sa aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebo dubun dubatan mutane daga lardunan Arewa, aka zuba su a barikokin kuza cikin sanyin da ba su saba da shi ba. Abinci ya kasa, ciwo ya shiga, da yawa ba su koma gida ba.

To, da an tambayi kakanninmu a waɗannan shekaru ko sun ga hannun Allah, me za su ce? Abin da idonsu ya gani shi ne gona ta tafi, baƙo ya zo.

Duk da haka, a barikokin nan ne da kasuwanninsu Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Irigwe da sauran kabilu suka riƙa cuɗanya da Hausawa, harshen Hausa ya zama na kowa. Masu bishara na SUM sun sauka a Wase a 1904, daga baya suka zauna a ƙasar Berom, aka kuma buɗe asibitin Vom. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. Mutumin da ya koyi Hausa domin ya karɓi kuɗin lebura, da ita ya ji bishara, ya koma ƙauyensu ya faɗa wa mutanensa da harshen gida. Wannan ɗan littafin da kuke riƙe da shi ma, ta wannan hanya ya iso hannunku.

A kula fa. Ba mu ce ƙwace gona abu ne mai kyau ba. Yusufu yana da shekara 17 aka jefa shi rijiya. Sai da shekara 22 suka wuce kafin ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ya shaida cewa Allah ne ya aiko shi Masar domin a ceci rayuka. Ko a ƙarshe ma bai wanke su ba. A Farawa 50:20 ya kira nufinsu mugunta, sa'an nan ya ambaci alherin da Allah ya fitar. Ya raba hannun mutum da hannun Allah, bai haɗa su ba. Bai kuwa yi wannan magana yana cikin rijiya ba.

Yanzu mu zo ga abin da yawancinmu muka gani da ido. Ranar Jumma'a 7 ga Satumba 2001 Jos ta kama da wuta, cikin mako guda wajen mutum 1,000 suka mutu. A Nuwamba 2008, bayan zaɓen Jos ta Arewa, ɗaruruwa suka sake tafiya. A Janairu 2010 rikici ya sake tashi a cikin gari, ya bazu zuwa ƙauyuka.

Ranar 19 ga Janairu 2010 aka kai hari Kuru Karama, tsohon barikin kuza inda Musulmi da Kirista suka daɗe suna zama tare. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe Musulmi aƙalla 150, har da mata da ƙananan yara. Daga rijiyoyi aka riƙa ciro gawarwaki. Waɗanda suka tsira sun ce maharan mutane ne masu amsa sunan Kirista. Wannan magana tana da nauyi a bakin mai wa'azi, amma Littafin da muke wa'azi da shi bai ɓoye zunubin Dauda ba. Bayan mako bakwai, da asubahin Lahadi 7 ga Maris, aka afka wa Dogo Nahawa da Zot da Ratsat. Ƙungiyar nan ta ce aƙalla Kirista 200 aka kashe, yawancinsu mata da yara, aka binne su a kabari ɗaya.

A irin waɗannan kwanaki ne masu saurin fassara suke samun kasuwa. In abin ya faɗa wa maƙwabci, sai a ce Allah ya yi hukunci. In ya faɗa wa na gida, sai a ce tsanani ne saboda Sunan. Ubangijinmu ya riga ya toshe wannan hanya. Da aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran zunubi. Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya mai da maganar kan masu tambayar, ya kira su ga tuba. Jinin Habila ya yi kuka daga ƙasa, Allah kuwa ya ji. Ba mu ga inda aka rubuta cewa yana jin na Dogo Nahawa, ya toshe kunne ga na Kuru Karama ba. Wanda ya jefa yaro cikin rijiya aikin 'yan'uwan Yusufu ya yi, ko da wane suna aka raɗa masa ranar baftisma.

A 2013 ƙungiyar ta fitar da rahoto a kan Filato da Kaduna. Sunan rahoton daga bakin waɗanda aka cuta aka ɗauko shi, maganar da dukanmu muka sani: a bar wa Allah komai. Ya nuna cewa a yawancin kashe-kashen nan ba a hukunta kowa ba. Barin ramuwa ga Allah umarni ne, Romawa 12 ta faɗa. Amma sura ta 13 tana biye da ita, inda aka ɗora wa hukuma hukunta mai mugunta. Gwauruwa tana iya barin wa Allah. Alƙali da ɗan sanda ba su da wannan izini.

To, ina za mu duba? Yusufu ya ba mu alama: ceton rai. Sa'ad da sarakunan Yahuza suka jefa annabi Irmiya cikin rijiya mai laka, ba firist ba ne ya fito da shi. Ebed-melek ne, Bahabashe, baƙo a fādar sarki. Ya je gaban sarki ya yi magana, ya kawo igiya, har da tsummoki domin kada igiyar ta ji wa annabi ciwo. Allah ya aika masa da alkawari na kansa a Irmiya 39.

Ranar 23 ga Yuni 2018 'yan bindiga suka kai hari ƙauyukan Barkin Ladi, maƙwabtan Jos ta Kudu. Mutane suka gudu zuwa Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara 83 a lokacin, ya shigar da mata gidansa, ya sa maza cikin masallaci. Mutum 262 aka ƙidaya, yawancinsu Kirista. Da maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana roƙonsu, har suka juya. Mutane da yawa sun mutu a kewayen a ranar, amma ba a taɓa waɗanda suke bayan ƙofar nan ba. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo.

Da 'yan jarida suka tambaye shi dalili, cikin abin da ya ambata akwai filin masallacin. Ya ce fiye da shekara 40 kafin wannan rana, Kiristocin garin ne suka ba Musulmi filin kyauta domin su gina wurin salla. Waɗanda suka ba da filin nan, 'yan'uwa, ba su san 'ya'yan wa za su ɓuya a ciki ba.