Asalin Kalmar Ikilisiya

Kalmar nan ikilisiya da muke furtawa kowace Lahadi ta girmi Sabon Alkawari da ɗaruruwan shekaru, kuma ba a wurin sujada aka haife ta ba. Helenanci ce, ekklesiya, daga ek, wato "daga", da kaleo, wato "kira".

A birnin Atina, sunan taron 'yan gari ke nan. Sankira yakan yi shela, mutane su bar kasuwa da sana'a su hau tudun Pnyx, su yi mahawara a kan yaƙi ko sulhu, su yanke shawara da ɗaga hannu. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu sukan zauna wajen sau 40 a shekara, wasu al'amura kuwa ba sa ƙulluwa sai mutum 6,000 sun hallara. Amma mace ba ta da murya a can, haka bawa, haka baƙo, ko da ya tsufa a garin.

Masu wa'azi sukan ce ma'anarta "waɗanda aka kira su fito daga duniya". Zancen da daɗi, sai dai mutumin Atina taro kawai yake ji. Duba Ayyukan Manzanni sura 19: gungun da Dimitiriyas maƙerin azurfa ya zuga a Afisa, Luka ya kira shi ekklesiya a Helenanci.

Ta hannun Yahudawan Iskandariya ta shigo Littafi Mai Tsarki. Da suka fara juya Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na 3 kafin Almasihu, sai suka ɗora ta a kan kalmar Ibrananci kahal, taron Isra'ila a gaban Ubangiji. Cikin Bishara huɗu, Matiyu kaɗai ya yi amfani da ita, a sura 16 da 18. Bulus ne ya yawaita ta.

A bakinsa kuwa ƙofar da Atina ta kulle ta buɗe. A Romawa 16 ya yaba wa Fibi, mace mai hidima a ikilisiyar Kankiriya. Ya kuma rubuta wa Filimon da ikilisiyar da ke taruwa a gidansa, yana roƙo a karɓi Unisimas, bawan gidan, a matsayin ɗan'uwa ƙaunatacce.